Barkar da Ba Ta Komawa Jifa

Karatu: Ayyukan Manzanni 14:8-20

A zamanin nan da wuya a sami gidan da babu wayar hannu a cikinsa. Sa'ad da wani ɗan wasa ya ci tsere, ko kuwa ya jefa ƙwallo a raga, kafin ya share gumin fuskarsa mutane dubbai sun riga sun rubuta masa gaisuwa a Facebook da Instagram da sauran irinsu. Masu bi ma suna cikin masu rubutun nan. Matasanmu suna yi, mawaƙan Ekklesiya suna yi, har da dattawa da fastoci. Watakila wani zai ce, "Ina ruwan jaridar Ekklesiya da zancen ƙwallo da guje-guje?" To, Ubangijinmu ya gargaɗe mu cikin Matta 12:36 cewa za a nemi lissafin maganganun banza a ranar shari'a, bai kuwa ware maganar da aka rubuta da ɗan yatsa a kan waya ba. Saboda haka ya kamata mu duba irin kalmomin da mu ke taya 'yan wasa murna da su, mu ga ko sun dace da bakin mai bi.

Abin da Ya Faru a Listra

Bulus da Barnaba suna wa'azi a wani gari wai shi Listra, sai ga wani gurgu zaune yana saurara, wanda tun haihuwarsa bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba. Bulus ya dube shi, ya ga yana da bangaskiya, ya umurce shi da babbar murya ya miƙe. Nan take mutumin ya zabura, ya kama tafiya. Da taro suka ga haka, sai gari ya ɗauka da sowa. Suka ce alloli ne suka sauko cikin siffar mutane. Suka laƙaba wa Barnaba sunan babban gunkinsu Zafsa, Bulus kuwa suka kira shi Hamisa domin shi ne mai magana. Har firist na gunkin ya kawo bajimai da furanni a bakin ƙofa domin a yi musu hadaya.

Manzannin nan ba su ji daɗin wannan yabo ba ko kaɗan. Suka kyakketa tufafinsu, suka kutsa cikin taron, suna faɗa musu su mutane ne kamar kowa, suna nuna musu Allah mai rai wanda ya ke ba da ruwan sama da damina mai albarka. Da ƙyar suka hana su yanka bajiman.

Amma ku duba abin da ya biyo baya. Waɗansu mutane suka zo daga Antakiya da Ikoniya, suka juya hankalin taron. Mutanen garin da suka so su yi wa Bulus hadaya, su ne aka rinjaya har aka jajjefe shi da duwatsu, aka ja shi bayan gari ana tsammani ya mutu. Tsakanin furanni da duwatsu, ayoyi kaɗan ne cikin Littafi Mai Tsarki. Su wa suka rage wurinsa? Almajirai ne, 'yan kaɗan, waɗanda ba su taɓa kiransa allah ba. Su ne suka kewaye shi yana kwance, har ya tashi ya koma cikin gari.

Mu riƙe wannan labari a zuciya, gama Listra ba ta ƙare ba. Yanzu tana cikin aljihun kowane ɗayanmu.

Ranar Furanni

Ran 24 ga Yuli, 2022, a garin Yujin na ƙasar Amurka, wata 'yar Nijeriya mai suna Tobi Amusan, mutuniyar Ijebu Ode, ta shiga tseren mita 100 na tsallake shinge a gasar duniya. Shinge goma ne a gabanta. Ta gama cikin sakan 12.12, saurin da ba a taɓa rubuta wa wata mace a duniya ba kafin ranar. A wannan rana kuma ta ci tseren ƙarshe, ta zama ta fari daga Nijeriya da ta sami lambar zinariya a wannan gasa. Da aka buga taken ƙasa tana tsaye a kan dakali, sai ta fashe da kuka, duniya duka tana gani.

Wannan abin murna ne ƙwarai, ba laifi kuwa a yi murna. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Manzo Bulus ya koya wa Romawa su yi tarayya da mai farin ciki cikin farin cikinsa. Wanda ya ga yarinyar nan tana hawaye bai ji kome a ransa ba, sai ya bincike zuciyarsa.

Amma wane irin harshe ne a ke taya murna da shi a irin wannan rana? A kan kira ɗan wasa sarki ko sarauniya, a aika masa da hoton kambi da na harshen wuta. A kan ce babu kamarsa, ba a taɓa yi ba, ba za a ƙara yi ba. Turawa suna da wata magana mai nufin wanda ya fi kowa a dukan zamanai. In an tara haruffan farko na kalmominta, sai su ba da sunan akuya a harshensu, domin haka sai ka ga ana aika wa gwani da hoton akuya wai yabo ne. A garinmu in ka ce wa mutum akuya sai a raba ku, amma ga yaranmu suna rubutawa ba tare da tunani ba. Har akwai masu kiran ɗan ƙwallo allahn ƙwallo, ko mai ceton ƙasa. Mai bi ya tambayi kansa, suna nawa ne aka bayar domin ceto?

Ga wani abu kuma da ya faru a ranar. Wani tsohon gwanin tsere na Amurka, Michael Johnson, ya rubuta cewa yana shakkar ko agogon filin yana daidai, gama masu tsere da yawa sun yi saurin da ba su taɓa yi ba a lokaci guda. Hukuma dai ta tabbatar da saurin Amusan. Amma kafin nan mutanenmu da yawa sun riga sun far wa mutumin da zagi. Watau hannun da ya rubuta barka ga ɗaya, a cikin sa'a guda ya rubuta ashar ga ɗayan. Yaƙub ya yi mamakin wannan cikin sura ta 3 ta wasiƙarsa, yadda albarka da la'ana su ke fitowa daga baki ɗaya, ya kuwa ce bai kamata ya zama haka ba.

Ranar Duwatsu

A farkon shekara ta 2024 aka yi gasar cin kofin Afirka a ƙasar Kwaddibuwa. Ran 7 ga Fabrairu 'yan ƙwallon Nijeriya suka fitar da Afirka ta Kudu da bugun fenareti, suka kai wasan ƙarshe. Daren nan yabo ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Ran 11 ga watan, a birnin Abijan, masu masauki suka ci Nijeriya biyu da ɗaya. Kwana huɗu ne kaɗai tsakani. Sai aka zaɓi ɗaya daga cikin 'yan wasan, Alex Iwobi, aka ɗora masa laifin duka. Aka yi ta aika masa da zagi da baƙar magana har ya kwashe hotunansa daga shafinsa na Instagram. Sai da shugaban 'yan wasan, Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya fito ya roƙi mutane su daina.

Ku lura fa, yaran nan sun zo na biyu cikin ƙasashe 24. Ba su yi sata ba, ba su ci amanar kowa ba. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, waɗansu suka fi su a ranar. Ashe wannan ba Listra ba ce?

Don Me Yabo Ya Ke Komawa Jifa?

Dalili na fari shi ne, yawancin wannan yabo ba domin ɗan wasan a ke yinsa ba, domin kanmu ne. Muna so mu yi fahariya a gaban waɗansu ƙasashe, muna so mu yi wa abokinmu dariya a gidan kallon ƙwallo, waɗansu kuma sun sa kuɗi a caca. Ɗan wasan ya zama kamar jakin da ya ɗauko mana kayan girman kanmu. Ran da ya kawo kayan, sai mu shafa bayansa. Ran da ya faɗi da kayan, sai sanda. Cikin Ayyukan Manzanni sura 12, mutanen Taya da Sida sun yi wa sarki Hirudus sowa a Kaisariya, suna cewa muryarsa ta allah ce. Ƙaunarsa ce ta sa su? A'a, Littafi ya faɗi dalili a fili, ƙasarsu daga ƙasar sarkin ta ke samun abinci. Cikinsu su ke yi wa yabo. Hirudus kuwa ya karɓi girman da ba nasa ba, bai mayar wa Allah ba, tsutsotsi suka cinye shi ya mutu. Bambaɗanci ya kan kashe wanda a ke yi wa, mai yinsa kuwa ya koma gida lafiya.

Dalili na biyu, wanda ka mai da shi allah, ba za ka iya gafarta masa ba ran da ya nuna shi mutum ne. Mutum ya kan gaji, ƙafarsa ta kan yi ciwo, hankalinsa ya kan rabu saboda damuwar gida. In ka san da wannan tun ranar nasara, ba za ka yi fushi ba ranar faɗuwa. Amma in ka ce ba ya kuskure, to, ran da ya yi kuskure sai ka ga kamar ya yaudare ka, alhali kuwa kai ne ka yaudari kanka.

Dalili na uku, mun saba da yabon da ba ya tsayawa sai ya taka wani. Sa'ad da Dawuda ya kashe Goliyat, matan Isra'ila suka fito da rawa da kiɗa. Da sun yabi Dawuda sun tsaya nan, da ba kome. Amma suka gwada shi da Saul, suka ba Dawuda rabon yabo ninki goma na wanda suka ba sarki. Kashegari Saul ya ɗauki mashi ya jefi Dawuda da shi. Matan nan sun koma ɗakunansu, Dawuda kuwa ya yi shekaru yana gudu cikin jeji da kogwanni. Haka ya ke a yau. Sau nawa matasanmu su kan ɓata da juna a kan Messi da Ronaldo, mutanen da ba su san da zamansu a duniya ba? Ba a iya cewa wannan gwani ne sai an ƙara da cewa wancan banza ne. Wannan ba taya murna ba ne, tsokana ce ta sa rigar murna.

Kalmomin da Muka Gada

Ba sai mun je nesa neman harshen da ya dace ba, gama iyayenmu sun bar mana shi. Ku ɗauki kalmar nan "barka". Tushenta ɗaya ne da "albarka". In mace ta haihu mu kan je barka. In mutum ya tsira daga hatsarin mota mu kan ce, "Barka da arziki." Me mu ke faɗi ke nan? Muna shaida cewa abin nan kyauta ce daga hannun Allah, muna kuma murna da ya sāka ta a hannun ɗan'uwanmu. Mai cewa barka bai ɗaga mutum ya kai shi sama ba, bai kuma rage masa kome ba. Har a kan amsa da cewa, "Barkanmu dai," domin murnar ta kowa ce.

Ga kuma "sannu da ƙoƙari". In ka wuce manomi yana huɗa cikin rana, ka kan ce masa sannu da aiki, ba ka jira sai ka ga yawan damin da zai samu ba. Wahalarsa ka ke gaisarwa. Wannan kalma kuwa ita ce mu ke faɗa wa majinyaci a kan gadonsa. Ashe "sannu" ta isa ga wanda ya zo na ɗaya, ta kuma isa ga wanda ya zo na ƙarshe. Babu ranar da za ka ji kunyar ka faɗe ta.

Sai kuma "Allah ya ƙara", da "Allah ya kiyaye gaba". Waɗannan addu'a ce. Suna tuna wa mai nasara akwai gobe, goben kuwa ba a hannunsa ta ke ba.

Kirari dabam ne. A filin dambe da kokawa makaɗi ya kan zuga gwani, ya kira shi zaki, ya kira shi ajali, har jininsa ya tafasa. Amma kowa ya san sana'a ce, akwai abin da maroƙi ya ke jira. In gwanin ya sha ƙasa, sau da yawa kalangu ya kan juya wajen wanda ya kā da shi. Mai bi ba maroƙi ba ne. An saye bakinsa da tamani, ba ya haya.

Mu koma wurin Amusan mu gwada kanmu. A shekara ta 2019 ta zo ta huɗu a gasar duniya. A wasannin Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021 ta sake zuwa ta huɗu, watau ta tsaya a bakin ƙofar lamba sau biyu ba ta shiga ba. Mutum nawa ne suka rubuta mata sannu da ƙoƙari a lokacin? A Yuli 2023 aka dakatar da ita bisa tuhumar ba a same ta ba sau uku da aka zo gwajin ƙwayoyi. Masu shari'a suka wanke ta a watan Agusta, babbar kotun wasanni kuma ta tabbatar da haka a 2024. Wa ya yi mata addu'a cikin makonnin nan? A Olamfik na Paris a 2024 ba ta kai tseren ƙarshe ba. A 2025 kuwa ta sami lambar azurfa a gasar duniya a Tokiyo. Mutum ɗaya ce cikin dukan shekarun nan, tana tashi da asuba tana horon jikinta. Ba ita ce ta ke sākewa ba, bakinmu ne. Wanda ya iya gaishe ta a 2021 da 2024 kamar yadda ya gaishe ta a 2022, shi ne ya taya ta murna da gaske.

Abin da Za Mu Yi

Na ɗaya, kafin ka aika, ka tambayi kanka, "Abin da na rubuta gaskiya ne?" In ta yi gudu da kyau, ka ce ta yi gudu da kyau. Ka faɗi abin da ka gani, haƙurinta, da naciyarta, da yadda ta tashi bayan faɗuwa. Yabon da ya ambaci aikin ya fi hoton kambi ɗari.

Na biyu, kada ka ba ɗan adam sunan da na Allah ne. Ko da wasa kada ka yi. Ka gode wa Allah wanda ya ba shi ƙafa da numfashi, sa'an nan ka gaishe shi da aikin da ya yi da su.

Na uku, ka yabi naka ba tare da ka zagi na wani ba. Har ma ka koyi yi wa abokin hamayya barka. Mutumin da ya ci Nijeriya ƙwallo ta biyu a Abijan, Sebastien Haller, an same shi da ciwon daji a Yuli 2022. Aka yi masa aiki, ya sha magani mai wuya, ya komo fili a farkon 2023. In akwai wanda ya cancanci a ce masa barka da arziki a daren nan, ai shi ne. Ƙwallonsa ta ba mu baƙin ciki, gaskiya ne. Amma mai bi da ya kasa murna da ran da Allah ya tsamo daga bakin kabari, domin kawai rigarsa ba koriya ba ce, ƙasarsa ta fi Ubangijinsa girma a zuciyarsa.

Na huɗu, ranar faɗuwa kada ka rubuta kome da zafin rai. Magana zarar bunu ce, balle rubutu, wanda a kan ɗauki hotonsa a ajiye ko ka share. Ka kwana tukuna. Da safe, in za ka rubuta, ka rubuta sannu. Ka tuna wanda ka ke shirin zagi ɗan wani ne, mahaifiyarsa ma tana da waya, tana karantawa.

Na biyar, ka fara daga gida. Akwai yara a Ekklesiyarku da su ke tsere a makaranta, akwai matasa da su ke buga ƙwallo tsakanin Ekklesiya da Ekklesiya. Abin kunya ne a ji zagi a bakin fili daga waɗanda suka yi waƙa tare da safe. Yaron da ya zo na ƙarshe amma bai tsaya a hanya ba, ka neme shi ka kama hannunsa. Mai tsaron gidan da aka zura wa ƙwallo biyar, ka kira shi da sunansa ka ce masa sannu. Taro ba zai yi wannan ba. Aikin almajirai ne, irin na waɗanda suka kewaye Bulus a bayan gari.

Kambin da Ba Ya Yanƙwanewa

Bulus ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida. Kusa da birnin a kan yi manyan wasanni bayan kowace shekara biyu, wanda ya ci kuwa a kan sa masa kambin ganye a ka. Shi ya sa da ya rubuta wa Korintiyawa, cikin wasiƙarsa ta fari sura 9, ya ɗauko misalin masu tsere. Bai rena su ba, ya ma yaba da yadda su ke hana kansu abubuwa da yawa domin su ci. Sai dai ya nuna ladansu mai lalacewa ne, namu kuwa madawwami ne. Ganyen nan ya kan bushe cikin kwanaki. Yabon waya bai ma kai shi daɗewa ba, gama gobe wani zai ci, a manta da na yau.

Ubangijinmu Yesu da kansa ya san wannan. Ranar Lahadi aka shimfiɗa masa tufafi da rassan itatuwa a hanyar Urushalima, ranar Jumma'a aka yi ihu a gicciye shi a birnin nan. Bai dogara ga sowar taro ba, gama ya san abin da ke cikin mutum. Shi ne kuma zai tsaya a ƙarshen tserenmu. Cikin misalin talanti, wanda ya kawo ribar biyar da wanda ya kawo ribar biyu, madalla iri ɗaya suka ji daga bakin ubangijinsu, domin aminci ya duba, ba yawa ba. In haka Maigidanmu ya ke yabo, haka ya kamata bayinsa su koya.

Kai fa, mai karatu? Ka buɗe wayarka yau, ka duba abin da ka rubuta ranar nasara da abin da ka rubuta ranar faɗuwa. Za ka iya karanta su duka biyu da ƙarfi a gaban jama'a ranar Lahadi? In akwai dutse a ciki, ka share shi, ka roƙi gafarar Allah, in da hali ka rubuta wa wanda ka jefa kalmar alheri. Kai ma kana cikin tsere, akwai ran da za ka yi tuntuɓe, za ka kuwa so a sami mai ce maka sannu.

Allah ya tsare bakinmu da yatsunmu, ya ba mu barkar da ba ta komawa jifa, ya kai mu ƙarshen tserenmu da aminci, domin sunan Yesu Kristi. Amin.